Wata Goma Sha Huɗu

Mahaifina agogo yake gyarawa
a wata rumfar kwano bayan Ƙofar Guga.
In ka kawo masa wanda ke lattin minti biyu
ba ya cewa je ka dawo.
Sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido,
ya saurara.

Shi ba wanda ya saurari cikinsa.

Ranar farko likitan bai ɗago kai ba.
"Me ke damunka, Baba?"
Biro na gudu tun kafin amsa ta fito.
Gyambon ciki ne. A bar yaji, a bar tsami,
ga farin magani, cokali biyu kafin abinci.
Muka yi godiya.
Har addu'a Baba ya yi masa a bakin ƙofa.

Sau bakwai muka koma. Ga katin nan a jakata,
ya yi laushi kamar tsohuwar takardar kuɗi.
Sau bakwai, hannu ɗaya, kalma ɗaya.
A na huɗu na ce, likita, wandonsa fa ya daina zama,
Inna ta gaji da rage masa ƙugu,
a yi masa hoto mana.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Ke ce likitan ko ni?"
Layi a bayana har bakin famfo.
Na yi shiru.
Shirun nan nake tauna har yau, ya ƙi haɗiyuwa.

Azumi ya zo, aka ce azumin ne.
Damina ta sauka, maƙwabta suka ce shawara ce,
muka jiƙa saiwa a tsohon tulu.
Sai da ya yi aman jini kan teburin aikinsa,
kan 'yan kusoshin da yake jerawa a murfin gwangwani,
sannan aka rubuta takardar Kano.
Can wata likita, ba ta girme ni ba,
ta ɗaga hoton a haske, ta daɗe tana kallo.
"Ina kuka shiga tun bara?"

Muna layi, likita.
Muna layi.

Sankara ce, ta riga ta ƙetara hanta.
Kwana arba'in da ɗaya ya ƙara a duniya,
bai zagi kowa ba.

Yanzu duk Talata ina hawa benen Barista Nafi'u.
Ya ce sakaci sai da shaida,
shaida na cikin fayil.
Fayil kuwa an ce ruwa ya ci,
aka dawo aka ce yana sito,
mai makullin sito ya tafi gaisuwa Batsari,
wata uku ke nan bai gama gaisuwar ba.

Kawu Isiyaku ya zo da magariba, ya ƙi zama.
"Hurera, kwana ne ya ƙare.
Wa za ki kai ƙara? Kuɗin gawa za ki ci?"
Kawu, na san ajali, ban ce a dawo mini da shi ba.
Amma kai da bakanike ya bar maka taya a kwance
har garejinsa ka koma, da ƙafa, cikin rana.
Ba ka ce ƙaddara ba sai da ka gama faɗa.

Ban san nawa ne kuɗin wata goma sha huɗu ba.
Lauya ya rubuta adadi, ban iya karanta shi da ƙarfi.
Abin da nake so ƙarami ne:
a kira sunan Tasi'u Mai Agogo a gaban alƙali,
mutumin nan ya ajiye biro,
ya ɗago kai.

Akwatin Baba na ƙarƙashin gadona.
Masu agogo sun zo sun karɓi nasu, saura ɗaya,
mai baƙar fata, ba suna a jiki.
Kowane dare nakan ɗaura masa wani.
Yana latti.
Ban san inda ake taɓawa ba.